Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Hunturun 'Yan Gudun Hijirar Siriya Da Bargon Da Ke Zuwa A Makare

Duk wanda ya taɓa kwana a zauren da ba shi da ƙyaure cikin watan Janairu, a Kano ko a Damagaram, ya san abin da hunturu ke yi wa jiki. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, wankan asuba kuwa sai an yi shawara da zuciya. Sai dai sanyinmu busasshe ne. Komai tsananinsa, da hantsi ya yi za a fito bakin katanga a sha rana, tabarmar da aka kwana a kai tana nan garau. A tsaunukan Labanon da arewacin Siriya da gaɓar Gaza, damina da hunturu lokacinsu ɗaya ne. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ke zuba, a tuddai ya koma dusar ƙanƙara, dare kuma ya sauka ƙasa da sifiri a ma'aunin zafi. Mai karatu ya kwatanta ruwan Agusta da sanyin Janairu a dare guda, a cikin ɗakin da bangonsa zane ne, ƙasansa laka, da yara biyar da katifar da ta jiƙe tun shekaranjiya ba ta ga rana ba.

Yaƙin Siriya ya soma a Maris na 2011. Tun daga lokacin babu shekarar da ba a ga hoton nan guda ba: tanti ya durƙushe da nauyin ƙanƙara, yarinya a tsaye cikin taɓo da silifas, sai sanarwar neman taimakon gaggawa ta biyo baya. Har sunaye aka riƙa raɗa wa guguwar, kamar jarirai. Alexa a Disamban 2013, Zina a Janairun 2015, Norma a Janairun 2019, wadda ta binne tantunan garin Arsal na Labanon. Kalmar “gaggawa” ce ke tsaya mini a wuya. Girgizar ƙasa gaggawa ce, barkewar kwalara ma haka. Amma Disamba yana rubuce a kalanda tun farkon shekara, bai taɓa saɓa alkawari ba. Abin da ke zuwa a kan lokacinsa shekara bayan shekara, kuma kowane zuwa ya tarar da mutane ba su shirya ba, to akwai wanda ya hana shirin, ko wanda shirin bai dame shi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Mu fara da tantin kansa. Irin wanda hukumomin agaji ke rabawa an ɗinka shi ne don ya yi wata shida zuwa shekara, kafin a samu wani matsuguni. A sansanonin lardin Idlib, irin su Atme da ke jingine da katangar iyakar Turkiyya, akwai iyalan da suka yi shekara biyar, bakwai, har goma a cikinsa. Rana ta cinye zanen a bazara, iska ta yage shi, a yi faci da buhu da leda. Yawancin sansanonin nan ba wanda ya zana su. Mutane ne suka sauke kaya a gonakin zaitun, a kan jar ƙasa mai danƙo wadda ruwa ɗaya ke mayar da ita kamar kunu. Babu kwata, babu tsakuwa a hanya, don haka ranar da aka fi bukatar motar ruwa ko ta asibiti, ranar ce ba za ta iya shiga ba. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji suka amince su yi aiki da su, sun ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na wurin kwana mai rufi, a ƙasar sanyi kuma a ƙara, domin a can ake wuni a ciki, a yi girki a ciki. A rububin hijirar da aka yi daga Disamban 2019 zuwa farkon Maris na 2020, lokacin da farmakin sojojin gwamnati da jiragen Rasha ya kori mutum kusan miliyan ɗaya daga kudancin Idlib da yammacin Halab, iyali biyu ko uku ke cusuwa a tanti guda. Wasu a bayan akori-kura suka kwana, wasu a gindin itatuwa.

A tsakiyar tantin akwai abin da Siriyawa ke kira soba: murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi da ke fita ta rufi. Asalinta da man dizal take aiki, wanda suke ce wa mazot. Mai hali shi ke sayen mazot. Na ƙasa da shi ya sayi curin tukar zaitun da ta rage bayan an matse mai, ko ɓawon fistak. Wanda ba shi da ko sisi ya tura yara bola su tsinto robobi, tsofaffin takalma, tsummoki, yankakkiyar taya. A nan ne uwa ke shiga tsaka mai wuya kowane dare. In ta toshe duk wata kafa don ɗumi ya zauna, hayaƙin roba ya cika huhun yara, ga kuma iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe gida guda cikin barci. In ta bar kafa, sanyi ya shigo. In barci ya ɗauke ta wuta na ci, tartsatsi ɗaya ya isa, domin tanti da tamfol ba sa jiran a kawo guga, kuma na maƙwabci yana manne da nata. Saboda haka mace-macen hunturu a sansani fuska uku gare su: daskarewa, shaƙewa, gobara. A bayansu kuma akwai ciwon huhu, wanda ba ya shiga labarai saboda a hankali yake ɗauka.

Jarirai ne kan gaba. Jikin sabon haihuwa yana zubar da ɗumi da sauri, ba shi da kitsen da zai riƙe shi, uwar da ba ta ƙoshi ba kuma nononta ba ya isa. A tsakiyar Janairun 2019 asusun UNICEF ya sanar da mutuwar yara aƙalla 15 a Siriya saboda sanyi da rashin magani, takwas daga cikinsu a sansanin Rukban cikin hamada kan iyakar Jodan, yawancinsu ba su cika shekara ba. Shekara guda kafin nan, a Janairun 2018, an tsinci gawarwakin Siriyawa fiye da goma a duwatsun da ke kusa da mashigar Masna'a, sun daskare suna ƙoƙarin tsallakawa Labanon ta ɓarauniyar hanya. A ƙarshen Disamban 2024 likitoci a Gaza suka riƙa karɓar jariran da sanyi ya kashe a tantunan Mawasi, bakin teku, inda ko ƙanƙara ba ta zuba. Ba sai an kai sifiri ba. Jiƙaƙƙen bargo da cikin da ba komai sun wadatar.

To me ya sa har yanzu tanti? Wannan ce tambayar da hoton yarinya cikin taɓo ke rufewa, kuma amsarta ba ta wurin masu hasashen yanayi.

A duba Labanon. Ƙasar ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, kuma tun farko ta ƙi yarda a kafa wa Siriyawa sansani na hukuma. Tana da dalilinta, ba zan ɓoye shi ba. Falasɗinawan da suka shigo a 1948 da niyyar 'yan makonni, sansanoninsu irin Shatila da Ainul Hilwa sun zama unguwannin siminti, batunsu kuma ya shiga cikin yaƙin basasar 1975 zuwa 1990. Ƙaramar ƙasa ce da ta ɗauki Siriyawa wajen miliyan ɗaya da rabi bisa ƙiyasin gwamnatinta, abin da babu wata ƙasar Turai da ta kwatanta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ga inda tsoron ya kai. A Arsal, gari ne a kan tudu inda ƙanƙara ke zuba duk shekara, iyalai sun lallaɓa sun ɗora bulo sun yi ɗakuna. A 2019, watanni kaɗan bayan Norma, majalisar tsaron ƙasar ta ba da umarni a rushe duk ginin da ya wuce layin bulo biyar, wato kamar mita ɗaya, abin da ke sama ya koma katako da tamfol. Dubban iyalai suka ɗauki guduma suka rushe ɗakunansu da hannunsu don kada katafila ta haɗa da kayansu, ranar 1 ga Yuli kuma soja suka shiga suka ƙarasa wasu. Da Disamba ya zagayo aka sake fitar da sanarwar neman barguna domin mutanen Arsal. Wannan sanyin kam hukuma ce ta sa masa hannu tun watan bazara.

A Idlib salon ya bambanta, sakamakon ɗaya. Filayen na mutane ne, mai gona ba ya son a zuba masa siminti. Manyan ƙasashe masu ba da kuɗi kuma sun ja layi tsakanin “agaji” da “sake gina ƙasa”: na farko za su biya, na biyu sai an warware siyasa, don kada shugaban Siriya na lokacin, Bashar al-Asad, ya ci ribar ɓarnar da ya yi. A kan takarda wannan hujja ce mai ma'ana. A ƙasa kuwa ta zama cewa ana iya saya wa iyali sabon tanti sau biyar, amma ɗaki ɗaya na bulo yana jawo dogon taro. Sai a 'yan shekarun baya ne ƙungiyoyin Turkiyya suka yi ta gina ƙananan gidajen bulo, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya su ma suka fara maganar matsuguni mai mutunci a madadin tanti, alhali a lokacin mutum kusan miliyan biyu na zaune a sansanonin arewa maso yamma.

Sai batun ƙofa, wanda a ganina ya fi kowanne muni. A Yulin 2014 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2165, ya ba hukumomin Majalisar izinin shigar da kaya Siriya ta mashigai huɗu ba tare da jiran Damaskus ba: Bab al-Hawa da Bab al-Salam daga Turkiyya, Yarubiyya daga Iraƙi, Ramtha daga Jodan. Rasha, wani lokaci tare da Sin, ta yi ta hawa kujerar na-ƙi, tana cewa hakan tauye ikon ƙasa ne, kuma masu bindiga ne ke riƙe da Idlib. A Janairun 2020 ƙofofin suka koma biyu, a Yulin shekarar suka koma ɗaya, Bab al-Hawa. Ma'anar sunan a Larabce ƙofar iska, kuma sunan ya bi ta. A Yulin 2022 aka sabunta izinin na wata shida kacal, ya ƙare ranar 10 ga Janairun 2023. A lura da ranar. Tsakiyar hunturu ce cur. Ma'aikacin da bai san ko motarsa za ta wuce bayan wata shida ba, ta yaya zai ƙulla kwangilar haƙa magudanar ruwa, ko ya yi odar kwano da bulo? Abin da zai iya shi ne tara barguna a sito yana jiran ƙuri'ar New York. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgizar ƙasa ta afka wa yankin cikin dare mai ƙanƙara, sai da aka kwana uku kafin ayarin farko na Majalisar ya ratsa Bab al-Hawa, har shugaban sashen agajinta na lokacin, Martin Griffiths, ya fito ya amsa cewa an gaza wa mutanen arewa maso yammacin Siriya. A Gaza ma ƙofar ce: ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna kukan cewa Isra'ila na riƙe kayan matsuguni, har da sandunan tanti, da hujjar ana iya amfani da su wajen yaƙi.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. Sansanin Za'atari a Jodan an buɗe shi a Yulin 2012, a Janairun 2013 ruwa ya mamaye tantunansa har aka yi hatsaniya wajen rabon kaya. Cikin 'yan shekaru aka maye tantunan da ɗakunan kwantena, da yawansu kyautar ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, aka shimfiɗa bututun ruwa da na ƙazanta, a 2017 kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana da kuɗin Jamus. Za'atari ba aljanna ba ce. Mutum kusan dubu tamanin aka killace cikin hamada shekara da shekaru, kwantenar ma ta tsufa tana yoyo. Amma labarin jaririn da ya daskare ya yi ƙaranci a can, kuma bambancin bai wuce wannan ba: gwamnatin ƙasar ta yarda a kafa abin da zai daɗe.

Yanzu bari mu zo kan bargon, don kada a ɗauka raina shi nake yi. A daren da ruwa ya shiga tanti, busasshen bargo ya fi duk wani sharhi irin nawa amfani, kuma matasan da ke ɗaukar kaya a ka cikin taɓo suna rabawa sun fi mai rubutu lada. Damuwata ita ce yadda bargo ya zama abin da mai bayarwa ya fi so. Ana ƙirga shi, ana buga masa tambari, ana ɗaukar hoto da shi. Kwata ba ta yin kyau a hoto. Tsakuwar da aka zuba a ɗaga ƙasan tanti da taƙi ɗaya ba wanda zai sa ta a allon talla, alhali ita ke hana katifa jiƙewa tun farko. Sannan akan ji masu bayarwa suna ƙorafi wai an ga kayan agaji a kasuwa. To, iyalin da aka ba bargo na huɗu alhali abin da suka rasa mazot ne ko maganin tari, me ake so su yi? Sun sayar da asara, sun sayi abin da suke bukata. Wannan lissafi ne irin na kowace uwar gida. Shi ya sa hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR ta karkata ga ba da kuɗin hunturu kai tsaye, a Labanon ta katin cirar kuɗi, a Jodan har da na'urar da ke gane mutum ta ƙwayar ido. Kuɗi ma yana da ramukansa. Bayan 2019 kuɗin Labanon ya zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma inda aka datse hanya babu kaya a kasuwa, takardar kuɗi ba ta ɗumama kowa. Amma inda kasuwa ke ci, ba wa mutum kuɗi amincewa ce da cewa ya fi ka sanin inda ɗakinsa ke yoyo.

Kuma ko kuɗin ne, lokacinsa ne rabin amfaninsa. Dalar da ta isa hannun iyali a Oktoba tana sayen mai kafin ya yi tsada, ta gyara rufi tun ƙasa na bushe. Wadda ta isa a Fabrairu sai dai ta biya bashin mai shago, in an yi rashin sa'a ta sayi likkafani. Matsalar ita ce zuciyar mai bayarwa ba ta motsawa sai ta ga hoto, hoton kuma ba ya samuwa sai ƙanƙara ta zuba, kafin a tara kuɗin a yi oda a yi jigila, sanyi ya yi nisa. Ihu bayan hari ke nan, an mayar da shi tsarin aiki. Ga shi aljihun ma ya tsuke. A farkon 2024 hukumar abinci ta WFP ta dakatar da babban rabon abincinta a Siriya saboda rashin kuɗi. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, daga baya ta wargaza hukumar USAID, Amurka kuwa kafin nan ita ce ta fi kowa zuba kuɗi a wannan fanni. Idan kasafi ya ragu, abin da ake fara yankewa shi ne na rigakafi, domin ba wanda ke zanga-zanga a kan kwatar da ba a haƙa ba.

Wani zai ce ai magana ta ƙare, tunda Asad ya gudu ranar 8 ga Disamban 2024, shugaban mutanen da ke riƙe da Idlib ɗin, Ahmad al-Shara'a, shi ne ma ke zaune a fadar Damaskus. Gaskiya ne mutane da yawa sun koma, waɗanda suka dawo daga ƙasashen waje kaɗai sun haura miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2025. Amma wanda ya je Ma'arratun Nu'uman ko Sarakib ko Khan Shaikhun ya tarar da gidansa ba rufi, domin an farfasa dakalin saman an zare rodin an sayar, gonarsa kuma cike da nakiyoyi. Wasu sun kwashe tantinsu sun kafa shi a kan kufan gidansu. Wasu sun leƙa sun dawo sansani, inda aƙalla akwai tankin ruwa. Haɗarin yanzu shi ne duniya ta rufe littafin Siriya ta ce an gama, kyamarori su tafi, a bar mutanen da tanti da Janairu. Hujjar da aka daɗe ana fakewa da ita, wai ba za a yi gini ba sai Asad ya tafi, ta faɗi. Ya tafi. Ina bulon?

Mu ma ba 'yan kallo ba ne. Mutanen da Boko Haram ta raba da gidajensu, a Monguno da Dikwa da Bama, a yankin Diffa, a Minawao ta Kamaru, sun san nasu hunturun. Ba ƙanƙara, amma akwai iska mai ratsa bukkar zana da tamfol, akwai tarin yara, akwai gobarar da ke lashe layi guda na sansani cikin ɗan lokaci saboda an kwana da garwashi. Mu ma sai sanyi ya kankama muke tuna gwanjon rigunan sanyi, a tara a masallaci a kai, a ɗauki hoto.

Don haka ga abin da nake roƙon mai niyyar bayarwa, attajiri ne ko ƙungiyar unguwa ko kwamitin zakka. A fitar da na hunturu tun ana girbin gero, kada a jira hazo ya sauka. A tambayi ƙungiyar da za a damƙa wa kuɗin: yaushe kayan za su isa, nawa ne zai tafi ga rufi da magudanar ruwa da makamashi, kuma an tambayi matan sansanin abin da suke so kafin a yi oda? In amsarta ba ta wuce adadin barguna da hoton rabo ba, a nemi wata.